Ka Bar Mini Bencina a Tasha

Unguwar Ngojin,
Potiskum.

Zuwa ga ɗana Umaru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sa ka sauka Kaduna ba tare da ko tayar mota ta yi faci ba, Ya tsare ka daga sharrin baƙon gari da na injinan masaƙar da ta ɗauke ka aiki. Innarka tana gaishe ka, tana sa maka albarka.

Bayan gaisuwa, kada ka sa ran labarin gida a takardar nan. Gida yana nan yadda ka bar shi. Raina ne ba ya nan yadda ka bar shi.

Ranar da ka tafi, da na sa ka a mota na yi maka addu'a, na koma bencina zan fara kiran fasinjan Azare, sai Sarkin Tasha ya yafito ni gefe yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baba Direba, ɗanka fa ya same ni. Ya ce in sallame ka cikin mutunci, wai daga yanzu shi zai ɗauki nauyinka. Ya ce bai dace mai furfura irinka yana tsaye a rana yana kiran mota ba." Na ce, "Umaru ne ya faɗa maka haka?" Ya ce, "Shi fa, har da rantsuwa kada in gaya maka sai ya yi nisa."

Umaru, kai da ko albashin farko ba ka gani ba, kai ne za ka sallame ni daga aiki? Ka ci tuwo da ni a kwano ɗaya har daren da za ka tafi, bakinka bai iya buɗewa ka tambaye ni ba, sai ka zagaya ta baya kamar mai shirya wa yaro kaciya? Na san ba da mugunta ka yi ba. Na kuma san abokanka na makaranta sun gan ni a tasha, kunya ta kama ka. To, zauna ka karanta. Tabarau na sa na rubuta wannan da hannuna, idona yana ruwa, don haka kada ka tsallake ko layi ɗaya. Zan faɗa maka yadda aka yi ubanka ya kai bencin nan, tun da kai rabin labarin ka sani, sauran kana makarantar kwana aka yi shi.

Wautata ta farko na yi ta tun ba a haife ka ba. Lokacin da En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani, take neman direba, na je da lasin ɗina sabo, fuskata ko gemu babu. Malamin da yake ɗaukar mutane ya dube ni ya ce, "Wannan ai yaro ne, wa zai ba shi mota?" Nan take na ce wallahi na girmi yadda ake gani, na ɗora wa kaina shekarun da ban yi ba. Ya rubuta, na fito ina murna na yi wayo. Ban sake tuna maganar ba sai ana cikin yaƙin basasa, ranar da aka kira ni ofis aka ce lokacin ritayata ya yi. Na ce wace irin ritaya, ni da nake ɗaga tayar babbar mota ni kaɗai? Aka ce abin da na faɗa da bakina shi ake bi. Ku kuna ƙanana, ƙannenka mata ko aure ba su isa ba, aka miƙo mini hannu aka ce an gode. Saboda haka, abin da duk aka tambaye ka a wurin aiki, faɗi gaskiyarsa, ko da za ta hana ka wani abu yau. Kuma tun yanzu ka sa a ranka akwai ranar da za a ce an gode. Aikin albashi ba gonar gado ba ce. Ni na yi zaman mai gado a cikinsa, shi ya sa ranar ta same ni ba shiri.

Ta biyu ta fi ta farko muni, don wannan da idona biyu na yi ta, kuma an gargaɗe ni. Da aka ba ni kuɗin sallama, ban taɓa riƙe irinsu a hannu ba. Innarka ta same ni a zaure ta ce, "Malam, ga shawara. Ka sayi tumaki da 'yan maruƙa ka ba 'yan'uwana a ruga su riƙe mana. Jiki ba ya sallama in zai kwanta." Na yi mata dariya. Na ce ni direban En'e ne zan koma kiwon tumaki? Sai na je gwanjo na sayi tsohuwar motar da na yi shekaru ina tuƙawa, wai na san halinta. Na san halinta kuwa! Na san tana shan mai kamar rijiya, na san giyarta tana fita da kanta a gangara, amma son a ce mini mai mota ya rufe mini ido. Ba ta yi damina biyu ba ta durƙushe a bayan gidanmu. Ita ce wadda kaji suke ƙwai a cikinta, wadda kuka riƙa wasan direba a kanta. Abin da ya rage kuwa, ya tafi a shayi da goro da "Allah Ya ƙara arziki." Zauren nan ba ya rabuwa da baƙi a lokacin. Ka nemi ɗaya daga cikinsu ranar da innarka ta faɗi, ka gaya mini in ka samu.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba, umarni ne. Duk wata, kafin ka sayi ko reza, ka ware wani abu ka ce wannan na ciwo ne. Kada ka bar shi a aljihu, aljihun saurayi a huje yake. Ka aiko a saya maka tunkiya a kasuwar shanu a kai wa kawunka ya haɗa da nasa. Na ji kana yi wa ƙannenka zancen babur da rediyo mai kaset. Ranar da aka kwantar da wani naka a gadon asibiti, kaset ba zai yi masa waƙar da za ta tashe shi ba, kuma in ka kai rediyon kasuwa cikin gaggawa, a wulaƙance za a saye shi. Tunkiya kuwa ana kai ta da safe, kafin azahar ta zama magani.

Yanzu maganar innarka. Ta daɗe tana cewa kanta yana sara, in ta sunkuya tana ganin jiri. Me na yi? Na ce rana ce. Da ya ƙi tafiya na ce ciwon shawara ne. Na sayo mata jiƙo a wurin mai magani ranar kasuwa, mutumin da yake da maganin ciwon kai da na basir da na kunama duk a kwalba ɗaya. Bayan shi na kawo wani mai yawo da allura a jaka, wanda ko share asibiti bai taɓa yi ba, ya yi ta tsira mata ruwan da shi kansa bai san sunansa ba. Duk don me? Don ina tsoron in na kai ta asibiti za a faɗi abin da ya fi ƙarfina. Ina biyan 'yan kaɗan-kaɗan ina ganin sauƙi na samu. Wata rana da hantsi tana tuƙa tuwo, muciya ta suɓuce mata, ta kife a gefen murhu, bakinta ya karkace. Da muka kai ta, likita ya auna ta, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hawan jini ne, kuma ba na yau ba ne. Ina kuka tsaya?" Ban taɓa jin tambayar da ta kashe mini jiki irin wannan ba. Da mun zo tun tana cewa kai, 'yar ƙwaya ce za a ba ta ta riƙa sha. Yanzu ga hannun hagu da har yau ba ya ɗaukar ludayi.

Za ka ji mutane suna cewa ai asibitin gwamnati kyauta ne. Waɗanda ba su taɓa jinya ba ne suke faɗi. Ganin likita kyauta ne, na yarda. Amma wa zai biya motar da za ta kai mara lafiya? Wa zai ciyar da mai jinya? In aka ce maganin ya ƙare a ɗakin magani, aka rubuta maka a 'yar takarda ka je kemis, kyauta mai kemis zai ba ka? Kuma duk kwanakin da kake zaune a baranda kana korar ƙuda, wa yake nemo na cefanen waɗanda ka bari a gida? Fanshona kuwa, kai ma ka san shi. Tun yana fam da sule bai isa ba, da aka mai da shi naira sunansa kawai ya canza. Wani watan ya zo, wani watan a ce a dawo. Maganin innarka bai san a dawo ba. In ya ƙare yau, jibi kanta ya fara.

Don haka in kai ko matar da za ka aura wani ya ce wani wuri yana masa ciwo, ya kwana biyu bai daina ba, ku tafi a duba. Kada ka tsaya lissafin abin da za a ce ka biya. Ni na tsaya wannan lissafin, na biya ninkinsa, na haɗa da hannun uwarka.

A nan ne na koma tuƙi, kuma wannan ne abin da ban taɓa zama na faɗa maka ba. Wani Alhaji mai motocin ɗaukar shanu ya ba ni mota, don ya san hannuna tun ina En'e. Abin da bai sani ba, idona ya fara yana. Da farko kamar hayaƙi nake gani a gefe, daga baya in rana ta haske ni sai komai ya zama fari fat. Na ɓoye. Na ɓoye wa Alhaji, na ɓoye wa innarka, na ɓoye wa kaina. In za a ba ni takardar kaya sai in ce na manta tabarau, alhali ban taɓa mallakar tabarau ba. Ina cewa ai hanyar Kano ko ido rufe na san ta, kowane rami na san sunansa. Sai kuma aka zo aka ce kowa ya koma tuƙi ta hannun dama. Hanyar da na sani a ka ta juye mini gaba ɗaya, ramukan da na haddace duk suka koma ɗaya gefen. Mai hankali a nan zai ajiye makulli. Innarka ma ta lura, don ta ga ina laluben butar alwala tana gabana. Ta ce, "Malam, idon nan naka lafiya kuwa?" Na daka mata tsawa na ce ta ji da nata ciwon. Allah Ya yafe mini wannan tsawar.

Wata ranar kasuwa muka yi lodi muka tashi da la'asar, rana tana dukan gilashi sosai. A saman mota akwai Buba, Bafillacen da yake raka shanun mai su, yana zaune a kan katako yana lura kada wata ta kwanta a tattake ta. Kafin mu kai Azare akwai wata 'yar gada. Na ga wani abu baƙi yana tahowa, ban rabe mota ce ko inuwar itace ba, hannuna ya koma tsohon gefen da ya saba da kansa, na farga na fizgo sitiyari, ƙafar baya ta zame daga bakin gadar. Motar ta kwanta a hankali kamar raƙumi. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Shanu kuwa sai da aka yanka na yankawa a wurin. Buba muka zaro daga ƙarƙashin katako, ƙafarsa ta karye a wuri biyu.

Ka san Buba. Shi ne mai ɗingishin nan da yake tsayawa ya gaishe ni duk ranar kasuwa, wanda ka taɓa tambayata me ya sa nake tashi tsaye in na gan shi alhali na girme shi. To, ka ji dalili. Da na je duba shi wurin mai ɗori, na faɗa masa gaskiya, na ce ba birki ba ne, idona ne. Sai ya ce, "Baba, da ka faɗa mini, ai da na sauko na zauna kusa da kai ina gaya maka hanya." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Alhaji ya karɓi makullinsa, bai kai ni ƙara ba, Allah Ya saka masa. Kawunka ne, wanda na raina shawarar kai wa tumaki, ya sayar da bijiminsa aka kai ni asibitin ido a Kano aka yi mini aiki. Ɗaya ya buɗe, ɗayan sai haƙuri. Ka riƙe wannan da kyau: in aikinka ya fi ƙarfin jikinka, kuma ran wani yana hannunka, ka sauka da kanka kafin a sauke ka. Neman kuɗin magani bai ba ni izinin karya ƙafar ɗan wani ba.

To, da na dawo daga Kano na yi abin nan da kake so in yi yanzu. Na zauna. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ina kallon masu wucewa. Umaru, ba ka san zaman nan ba. Da safe ka ji motoci suna tashi a tasha, ka san kowace da muryarta, kai kuwa ba mai jiranka a ko'ina. Gwiwoyina suka riƙe, abinci ya daina mini daɗi, na zama mai faɗa a kan gishirin miya. In maganin innarka ya kusa ƙarewa sai in kama jujjuya kwalbar ina tunanin ƙofar wa zan buga wannan karon. Mutumin da ya yi shekaru ana gaishe shi da "sannu da hanya" ya koma ana ganinsa ana sauya lungu. Rannan innarka ta jawo ƙafa ta zo bakin zaure ta ce, "Malam, don Allah ka fita ka nemi abin yi. Ciwona ɗaya ne, zamanka ya sa ya zama biyu."

Na tafi tasha da ƙafata na sami Sarkin Tasha, wanda a hannuna ya fara koyon riƙe sitiyari. Na ce ba mota nake nema ba, na gama da mota. Ya ba ni layin Azare, ina kiran fasinja, ina tsara lodi, ana ba ni kamasho. Aikin nan ba ya buƙatar ido mai kyau, murya yake so da sanin mutane, kuma duka biyun ina da su. In rana ta yi zafi ina da benci a inuwa. Direbobi matasa suna zuwa su ce, "Baba, saurari injin nan," in saurara in faɗa musu abin da yake damunsa. Tun da na fara, ban sake buga ƙofar kowa don maganin innarka ba. Abin da ka gani ka ji kunya ke nan. Ni kuwa a duk ayyukan da na yi bayan ritaya, shi kaɗai ne na yi da hankali.

Kuma bari in tambaye ka, da wane albashin za ka ɗauke mu? Za ka biya haya, za ka ci, za ka yi sutura, gobe za ka ce aure. Wata na farko za ka aiko da murna. Na uku za ka aiko da ƙyar. Ranar da masaƙa ta yi jinkirin biya, ko kai ka kwanta, sai mu zauna ni da innarka muna kallon hanyar Kano muna jiran direban da zai kawo ambulan ɗin kuɗi? Sannan in riƙa jin haushinka a kan abin da ba laifinka ba ne, kai kuma ka riƙa jin nauyin buɗe takardata? Ba na so mu zama haka. In kana son taimako, ga shi: na sa takardar sunan ƙwayar innarka a cikin wannan. An ce a Kaduna ba ta yankewa kamar nan. Ka saya in ka samu hali, ka ba kowane direban Potiskum ya ce a ba Baba Direba. Wannan ya isa. Ranar da murya ta ƙare mini, ni da kaina zan aiko maka, ba sai ka bi ta bayana ba. Na riga na gaya wa Sarkin Tasha ya manta da zancenka, ya yi dariya ya ce dama bai yi niyyar bi ba.

Kai ma tun yanzu, da sauran ƙarfinka, ka koyi wata sana'a da ake yi a zaune. Kana cikin masu yadi, ka koyi ɗinki ko gyaran keken ɗinki a ranakun hutu maimakon yawon silima. Ranar da za a ce maka an gode, ka fito da abin da ba wanda zai karɓe makullinsa.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta hana ni haƙura in bar takardar nan sai ka zo hutu. Tarin nan da kake yi. Kana tsammani ban ji ba? Duk asuba in ka fita alwala sai ka zagaya bayan tsohuwar motar nan ka toshe baki da hannun riga. Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau. Innarka ta tambaye ka, ka ce mura ce, ka haɗe rai, ka sauya zance. Ta dube ni, na dube ta, don mun san inda ka gaji wannan amsar. Ga shi za ka shiga wurin da ƙurar auduga take tashi yini guda. An ce masaƙa tana da nata ɗakin shan magani. Ranar da takardar nan ta same ka, kafin ka nemi kemis, kafin ka ba ni amsa, ka je ka ce a duba ƙirjinka. In sun ce ba komai, alhamdu lillahi, ka yi asarar rabin yini. In sun ce akwai abu, ka rubuto ka faɗa mini yadda suka faɗa, kada ka rage don ka kwantar mini da hankali. Kai ka je ka roƙi a sallame ni don kana tsoron rana ta kayar da ni. To, ni ma ina da abin da nake tsoro, kuma ni a gabanka nake faɗa.

Allah Ya tsare ka a fitarka da shigarka. Ya kare hannunka daga inji, Ya kare ƙirjinka daga cuta, Ya haɗa ka da abokan kirki, Ya sa albarka a abin da za ka samu. Allah Ya ba ka tsufa mai sauƙi fiye da nawa, Ya ba ka ɗan da zai damu da kai kamar yadda ka damu da ni, amma mai tambaya kafin ya yi. Ya dawo mana da kai lafiya, amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.